Haukan da Aka Ɗora wa Sammani

Ranar da 'yan sanda suka sako Sammani, da ƙafarsa ya shigo gida, yana ɗingishi, amma hankalinsa garau. Matarsa Zuliha ce shaida, don ita ta dafa ruwan zafi ta gasa masa bayan da kulki ya farfasa. Tana gashin yana tambayarta ko ruwa ya iso gonakin ƙarshen kanal. Ta ce bai iso ba. Ya yi tsaki, ya ce in aka ƙara mako a haka tumatirin Titus sai dai a kora wa awaki.

Laifin nasa ba wani mai yawa ba ne. Ranin bana ruwan dam ya yi ƙasa, aka raba ban ruwa, kowane sashe da ranarsa. Sai manyan da gonakinsu ke bakin babban kanal suka jera injuna suna zuƙe ruwan tun kafin ya gangaro, ranarsu da wadda ba tasu ba. Masu ƙananan gonaki a ƙarshen layi, irin su Sammani da maƙwabcin gonarsa Titus, suka zuba ido suna kallon fangalin gonakinsu yana tsattsagewa don ƙishirwa. Da rikici ya ɓarke a bakin ƙofar ruwa har aka fasa wa wani kai, hukuma ta hana taro a yankin baki ɗaya, ta ce kada a sake jin maganar ruwa a bakin kowa sai ƙura ta lafa. Kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Sammani kuwa ya ɗauki hoton injunan a wayarsa, ya kira wani filin rediyo, ya lissafo sunayen masu su. Washegari mota ta zo har gona ta ɗauke shi, wayar ma ba a sake ganinta ba.

Wansa Mudassiru ne ya karɓo shi. Mudassiru mutum ne mai sanyin murya, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga ta ba. Yana da injin casar shinkafa a Kura, kuma rabin shinkafar da yake casa daga gonakin masu injunan nan take fitowa, amma wannan ba maganar da ake yi ba ce a gidan. Bayan la'asar, Sammani na kwance a ɗaki, ya kira Zuliha ɗakin mahaifiyarsu Iya, ya turo ƙofa.

"Na ce musu yana da taɓin hankali," in ji shi. "Na ce abin yakan taso masa da zafin rani tun yana yaro."

"Yaya, ai lafiyarsa ƙalau," in ji Zuliha.

"Na sani. Ni da ke da Iya duk mun sani. Amma da ban faɗi haka ba, da yanzu yana gidan yari a Kano, kuma ba mai sanin ranar fitowarsa. Mahaukaci ba a kai shi kotu. Sai dai babban nasu ya ja mini kunne, ya ce in suka sake jin muryarsa, to ƙarya na yi musu, da ni da shi za su haɗa. Don haka dole mutane su ga alama."

Iya ta share ido da gefen zanenta. "Rai dai, Zuliha. Gara a ce ɗana mahaukaci ne ina kallonsa, da a ce mai hankali ne yana can ana jibgarsa."

Zuliha ma ta ga bayan Sammani da idonta, ta kuma ji tsoro. Ta ɗauka abin na 'yan kwanaki ne, a yi ƙaryar a wuce wurin. Ba ta san ƙarya irin wannan ita ma ciyar da ita ake yi kullum ba.

Alamar ta zo da hantsi. Mudassiru ya shigo da ƙartin da ke yi masa dako a injin, da wanzami, da wani malami mai ruƙiyya mai ƙaton maƙogwaro. Aka shimfiɗa tabarma a soro, aka buɗe ƙofar waje har bango don iska ta shigo, in ji shi. Sammani ya fito yana tambayar lafiya, kafin ya rufe baki an danne shi. Ya yi ta fizge-fizge yana zaginsu, kamar yadda kowane mai hankali zai yi in ƙarti suka danne shi a soron gidan ubansa. Malamin ya ƙara murya yana cewa, "Fita, la'ananne." Yara suka cika ƙofar gida, manya suka tsaya a bayansu suna leƙe. Kafin azahar an aske masa kai tas, an sa masa mari a ƙafa, an zaunar da shi a ɗakin da ke kusa da soro.

Daga nan sai 'yan dubiya. Mutanen ƙauyen nan ba a kai su zumunci ba, in aka ce wane ba shi da lafiya, ko gaba ake yi da shi sai an je. Suka yi ta zuwa ƙungiya-ƙungiya, maza bayan sallah, mata da rana, wasu da kunu a kwano, wasu da lemo a leda. Har daga Kadawa da Madobi dangi suka zo. Kowa zai tsuguna a bakin ƙofa, ya sassauta murya, ya ce, "Sannu Sammani, ya jiki?"

"Lafiyata ƙalau, Malam," yake cewa. "Sharri ake yi mini. Ku dubi ƙafata, ku dubi abin da ɗan'uwana ya yi mini."

Sai su dubi juna su gyaɗa kai. A soro, wajen sa takalmi, za ka ji wani yana cewa ai haka suke, ba ka taɓa ganin mahaukacin da ya yarda yana hauka ba. In ya yi maganar ruwa, sai a ce ka ji, ruwan nan dai shi ne ya taɓa shi, ko wani abu ya taka a bakin kanal. In ya yi shiru, a ce ya yi nisa. Ran da abin ya ba shi dariya don takaici, matan da suka zo suka fashe da kuka. Babu ta inda zai ɓullo. Kowane mai dubiya yana fita da labari, kuma kowa sai ya ƙara masa gishiri. Har aka samu tsohuwar da ta tuna cewa tun yana goye idonsa ba irin na sauran yara ba ne.

Abin da ya fi ci wa Zuliha rai shi ne mutanen ƙarshen layi, waɗanda saboda su aka farfasa masa baya. Su ma sun zo, sun tsuguna, sun ce ya jiki. Ba ta san ko sun yarda da gaske ba ne, ko kuwa yardar ce ta fi musu sauƙi. In dai mahaukaci ne ya yi magana, to shirun da suka yi ba tsoro ba ne, hankali ne.

Amma Sammani bai daina ba. Ya mayar da ɗakin nan dandali, duk wanda ya tsuguna sai ya lissafa masa sunayen masu injuna da inda kowa ya kafa nasa. Labari ya kai Kura. Wata safiya Mudassiru ya tare Zuliha a bakin murhu, ya miƙo mata wata 'yar leda da ƙananan ƙwayoyi a ciki, ya ce wani mai kemis ne ya ba shi, a riƙa murje masa ɗaya a kunu safe da yamma.

"Yaya, maganin me? Mutumin da ba abin da ke damunsa?"

"Na natsuwa ne kawai. Bakinsa zai kashe shi, Zuliha, ya kashe mu. Ni da nake ta faɗi-tashi a kansa ke kina ganin ƙinsa nake yi? Cikinmu ɗaya fa."

"Ni dai ba zan iya ba."

Bai yi fushi ba, ya ma yi murmushi. "To ba komai. In abin ya yi miki nauyi ki je gidanku ki huta, Iya za ta riƙa ba shi. Aziza kuwa 'yarmu ce, a nan za ta zauna."

Aziza ita ce 'yarsu tilo, shekararta huɗu. Zuliha ta dubi yarinyar tana wasa da murfin tukunya a tsakar gida, ta karɓi ledar. Da hannunta ta murje ƙwayar, da hannunta ta dama kunun, ta kai masa. Ya karɓa ya ce Allah ya yi mata albarka, ya ce ita kaɗai ta rage masa a gidan nan. Ta fito ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Maganin ya yi aikinsa. Da farko barci ne, sai ya wuni yana gyangyaɗi. Daga baya harshensa ya yi nauyi, hannuwansa suka kama rawa, wuyansa ya sandare, yawu ya riƙa zubo masa ba tare da ya sani ba. Mutumin da ke iya tsayar da majalisa guda da magana ya koma in ya fara zance sai ya manta tsakiyarsa. Aziza ta daina shiga wurinsa, ta ce wannan ba Babanta ba ne. 'Yan dubiya suka ce abin ya ci ƙarfinsa. Mudassiru ya ce alhamdulillahi ya samu natsuwa, ya sa aka cire masa marin, tunda ba inda za shi. Iya kuwa, da ta san farkon maganar sarai, ta fara neman masa rubutu da gaske, tana cewa wa ya sani ko da ma akwai abin a jikinsa.

Ana cikin haka Titus ya zo. Shi mutumin Filato ne, ya daɗe a yankin yana noman tumatir a gonar haya, kuma ya sha zuwa ana ce masa mara lafiya na barci. Wannan karon da baƙuwa ya zo, wata lauya mai suna Ummukulsum daga wata ƙungiyar kare haƙƙi a Kano, wadda ta ji muryar Sammani a rediyo ta yi ta cigiyarsa. Mudassiru ya karɓe su hannu bibbiyu, ya sa aka kawo ruwan sanyi.

"Mun gode ƙwarai da kulawa, Barista," in ji shi. "Amma mu ne danginsa. In akwai mai kare shi a duniyar nan, ai mu ne. Ku shigo ku gan shi da idonku."

Suka shiga. Sammani na jingine da bango, ƙirjin rigarsa jiƙe da yawu. Lauyar ta tsuguna ta tambaye shi ko ya san abin da ya sa aka kama shi. Ya ɗago kai da ƙyar, leɓɓansa suka motsa, abin da ya fito bai yi kama da magana ba. Ta juyo wurin Zuliha da ke tsaye a bakin ƙofa.

"'Yar'uwa, ke ce matarsa? Ki gaya mini, da gaske ba shi da lafiya?"

Zuliha ta buɗe baki. Sai ta ga Iya a tsakar gida riƙe da hannun Aziza, ta ga Mudassiru yana kallonta da murmushin nan nasa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yana shan magani."

Lauyar ta yi ajiyar zuciya, ta yi addu'ar samun sauƙi, ta miƙe. Me za ta yi? An koya mata yadda ake ƙwato mutum daga hannun hukuma, ba a koya mata yadda ake ƙwato shi daga hannun uwarsa da wansa ba. Titus ya ɗan dakata a baya kamar mai gyara takalmi.

"Maman Aziza, mutumin da na sani ba haka yake ba," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "An ce kwamiti zai zo daga Kano ya zauna a Bunkure ranar kasuwa ta sama, a ji kukan manoma. Ranar kaɗai aka yarda a yi taro. Duk cikinmu ba mai bakin magana sai shi."

Tun daga ranar Zuliha ta daina. Takan karɓi ƙwayar a gaban Iya, ta yi kamar ta murje, ta jefa ta cikin toka. A hankali yawun ya tsaya, idanunsa suka fara tsayawa a kan abu. Ran da ta ga ya dawo sosai, ta turo ƙofa ta gaya masa komai, har da kunun. Ta shirya wa duka ko saki. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon hannuwansa da ke karkarwa, sannan ya tambaye ta wace rana ce kasuwar Bunkure.

Ranar, Titus ya ɗauke shi a babur ta bayan gari. Zuliha ta ce za ta kai Aziza asibiti, ta goya ta, ta bi su a mota. An kafa rumfa a wani fili, 'yan kwamiti na kan tebur, 'yan sanda na gefe, mata na can baya. Manya suka yi magana da farko, suka ce ƙarancin ruwa daga Allah ne, sai haƙuri da addu'a. Aka tambaya ko akwai mai ƙorafi daga ƙarshen layi. Mutanen da gonakinsu suka ƙone ƙurmus suka sunkuyar da kai kamar masu neman allura a ƙasa.

Sammani ya miƙe. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa, tabon mari na bayyane a idon sawunsa. Amma da ya buɗe baki, Zuliha ta ji muryarsa ta da ce ta dawo. Bai zagi kowa ba. Ya faɗi yadda aka raba ranakun ruwa, ya faɗi inda aka kafa injuna da masu su, ya faɗi gonakin da suka mutu da gidajen da suka fara sayar da awakinsu don su ci abinci. Ya ce shi ba ya neman a kama kowa, a tura mutum ɗaya mai gaskiya ya bi bakin kanal da ƙafa ya gani. Shugaban kwamitin ya jawo takarda ya fara rubutu.

Sai wani daga cikin manyan ya ranƙwafa ya raɗa masa magana a kunne. Shugaban ya ɗago ya dubi Sammani, ya dubi hannuwansa da ke rawa, ya dubi ƙafarsa. Ya ajiye biro. Fuskarsa ta cika da tausayi.

"Allah sarki," in ji shi. "Allah ya ƙara sauƙi, bawan Allah. Akwai ɗan'uwansa a nan?"

Mudassiru ya fito daga cikin jama'a a natse, ya dafa kafaɗar ƙanensa. "A yi mana afuwa, ranka ya daɗe. Kufce mana ya yi."

Titus ya miƙe ya ce duk abin da aka faɗa gaskiya ne, shi ma ganau ne. Mai gonar da yake haya yana zaune a layin gaba, ya waiwayo ya dube shi sau ɗaya. Titus ya tsaya ɗan lokaci, sannan ya zauna. Zuliha ta kutsa daga cikin mata da goyo a bayanta, ta ɗaga murya ta ce ita ce matarsa, lafiyarsa ƙalau, magani aka sa ta ba shi don a rufe masa baki. Matan da ke kusa suka riƙo ta suna ba ta baki. Wata dattijuwa ta ce wannan ita ce matar rufin asiri, Allah ya ba ta ladan jinya. 'Yan sandan ko motsi ba su yi ba. Ɗaya daga cikinsu ma shi ya buɗe hanya aka wuce da Sammani.

Zuliha ta zaci za a mayar da marin, a ninka maganin, a kore ta. Ba a yi ko ɗaya ba. Mudassiru ya ce a ƙyale shi ya sha iska, ya je duk inda yake so. Haka kuwa aka yi. Sammani yakan je gona ya tsaya a kan busassun kunyoyi, ya je majalisa ya zauna. In ya fara maganar ruwa sai a miƙo masa shayi, a ce haka ne Sammani, gaskiyarka, a ci gaba da hirar da ake yi. Ya ari waya ya kira filin rediyon nan, suna jin sunansa suka yi masa fatan alheri suka katse. Injuna na nan a bakin kanal suna ta ruri da rana tsaka, yanzu ko ɓoye su ba a yi.

Da gidan yari aka kai shi, da lauya ta bi sawunsa, da mutane sun riƙa ambaton sunansa a ɓoye suna jin kunyar kansu, da ya fito wata rana maganarsa na da nauyi. Kulki ya farfasa masa baya bai rufe masa baki ba. Abin da hukuma ta kasa, gida ya yi mata shi kyauta, da kunu, da addu'a, da sannu ya jiki. Har gobe in ka tambayi Mudassiru zai ce maka shi ya ceci ran ƙanensa, Iya ta sa masa albarka, gari kuma ya shaida ɗan'uwa ne na gari.

Wata yamma Zuliha na tsince shinkafa a tsakar gida, Sammani ya dawo ya zauna a kan turmi kusa da ita. Kwanakin nan ya rage magana, yakan tsaya yana kallon bakin mutane in suna ba shi amsa.

"Zuliha," ya ce a hankali, "ki ji tsoron Allah ki gaya mini gaskiya. Injunan nan, da gaske na gan su?"

Farantin ya kusa suɓuce mata. Ta ce ya gan su, ita ma ta gan su, duk garin nan ba wanda bai gan su ba. Ta rantse masa da Allah cewa bai taɓa yin hauka ba, ko na rana ɗaya. Tana faɗa tana kuka, tana riƙe da hannunsa.

Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya zare hannunsa daga nata, ya yi wani ɗan murmushi mara daɗi.

"Ke ma lallashina kike yi," in ji shi.